Zanzanar Kas: Daga Ina Ƙananan Ramukan Ƙarfen Zubi Ke Fitowa?

Ranar wata kasuwa, a wani ƙauye da ke kan hanyar Gaya zuwa Dutse, na tarar da mai injin niƙa ya kwance dutsen injinsa ana wasa masa. Dutsen sabo ne, bai yi wata guda da sayowa ba, kuma daga waje ba ka ganin aibinsa. Amma da giranda ta ɗan ci fatar sama, sai ga ramuka sun fito fili, wasu kamar tsinin allura, wasu sun kai ƙwayar gero, sun taru a gefe guda kamar fuskar wanda ya yi zanzana. Mai injin ya miƙo mini yana girgiza kai, ya ce, "Malam, dubi abin da ake sayar mana. Wallahi jabun ƙarfe ne." Ban ja da shi ba a lokacin, don wanda ya yi asara jaje yake bukata kafin bayani. Sai dai abin da ke hannunsa ba jabu ba ne. Kas ne na gaske, irin wanda ake zuba bulok ɗin injin mota da shi. Iska ce ta maƙale a cikinsa tun ranar da aka zuba shi, ta rasa hanyar fita.

Abin ya tsaya mini a rai. Haƙorin dutsen da ƙasansa ke da rami ba ya jure gugar hatsi, marmashewa yake yi, kuma ba wani wuri yake marmashewa ba sai cikin garin da za a tuƙa wa yaranmu tuwo. Haka fulin da ke jan bel yake tsagewa ta bin ramukan, gidan famfon ban ruwa kuma ya riƙa tsattsafo da ruwa ta jikinsa. Shi kansa mai zubin ba riba ya ci ba. Ya ƙona mai, ya biya yara, ya sayi ƙarfe a kan kilo, sannan a dawo masa da kaya a ɓata masa suna a kasuwa. Da yawansu in ka tambaye su sai su ce ƙasa ce ta yi ruwa, ko kuma zubin ne bai zo da sa'a ba. Maganar ruwa gaskiya ce, amma rabinta ke nan. Ramin nan yana da iyaye, kuma duk wanda ya fasa ƙarfen ya duba da kyau zai ga kamanninsu a fuskarsa.

Mu ba baƙin ƙarfe ba ne. A tarihin baka, Kano kanta da maƙeri ta soma, mutumin Gaya da ya zo gindin Dala neman tama, kuma masu tonon tarihi sun samu alamun narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Amma murhun kakanninmu ba ruwan ƙarfe yake bayarwa ba. Curi yake bayarwa, a kai shi maƙera a yi ta bugu har ya zama fartanya ko gatari. Zubi sana'ar maƙeran fari ce, masu azurfa da tagulla, daga baya kuma alminiyam ya zo aka shiga zubin tukwane da ludaya. Don haka yawancin wanda ya juya zuwa zubin kas a garuruwanmu, daga tukunyar alminiyam ya taso. Ya zo da ƙasarsa, da akwatunan zubinsa, da hannunsa da ya saba. A nan nake ganin tushen mafi yawan matsalar yake.

Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas. Kas, wanda ƙarfe ne mai ɗauke da kabon wajen kashi 3 zuwa 3.5 cikin 100 da silikon wajen kashi 2, sai ya kai digiri 1,150 zuwa 1,200 yake narkewa, kuma ana zuba shi ne a tsakanin 1,350 da 1,450. Zafin ya ninka. Damshin da tukunyar alminiyam za ta yi wa afuwa, kas ba ya yafe shi.

Ruwan ƙarfe yana shan iska. Wannan ce maganar da ta fi wuyar shiga kai, don ido ba ya ganinta. Ɗauki kwalbar lemo da ba a buɗe ba, ba za ka ga kumfa ko ɗaya ba, alhali iska na nan narke a cikin ruwan. Haka ƙarfe yake in ya narke, yana haɗiye iskar haidirojin da ta naitirojin ya riƙe su shiru. Da ya fara daskarewa sai ƙarfin riƙon ya faɗi, ya shiga amayar da abin da ya sha. Daskarewa kuwa daga waje take farawa, inda ruwan ƙarfe ya taɓa ƙasar mazubi. Fata ta riga ta kama, kumfar da ta taso daga baya ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, sai ta tsaya nan ƙarƙashin fatar, milimita kaɗan daga sama. Shi ya sa kaya ke fitowa daga ƙasa sumul, mai zubi ya sayar da zuciya ɗaya, sai giranda ko injin fere ƙarfe ya tona asiri a hannun mai saye.

Kafin a ɗora wa iska laifi, a tabbatar ita ce. Ramin iska zagayayye ne, cikinsa santsi, kamar idon sinasir. In ka ga rami mai kaushi, mai ƙoƙo-ƙoƙo kamar cin gara, a wurin da ƙarfe ya fi kauri ko inda hannun fuli ya haɗu da cibiyarsa, wannan tsukewa ce: ƙarfen ya ja jiki yayin daskarewa bai samu ƙari ba, kuma maganinsa a tsarin hanyar zubi yake. In kuwa ka tarar da ƙwayoyin yashi a cikin ramin, ƙasar mazubi ce ta zaizaye. Mutum na iya shekara yana busar da ƙasa a banza alhali ciwonsa tsukewa ne.

To, a cikin ramukan iska, wanda ya fi addabar mai zubi da ɗanyar ƙasa shi ne na haidirojin, kuma uwarsa ruwa ce. Ruwa haidirojin ne da oksijin a haɗe. Idan tururi ya gamu da ruwan ƙarfe sai ya rabu biyu, oksijin ya kama ƙarfe, haidirojin kuma ya nutse a ciki. Lissafin abin yana da ban tsoro. A cikin giram 9 na ruwa, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi biyu ba, akwai giram 1 na haidirojin. Wannan giram ɗaya, a zafin da kas ke daskarewa, yana neman wurin da ya kai lita 60, jarka uku ke nan masu lita 20. Ba duka ne ke shiga ƙarfe ba, mafi yawa yana ficewa ta cikin ƙasa. Amma ɗan abin da ya shiga ya isa ya feshe fuskar dutse da ramuka.

Ana gane ramin haidirojin da kamanninsa. Ƙarami ne, kewayayye, ba ya cika wuce milimita 2 ko 3, kuma in ka duba cikinsa da madubin ƙara girma za ka ga yana sheƙi baƙi-baƙi kamar an goga masa bakin fensir. Girafait ne, wato kabon irin na bakin fensir ɗin, ya shafe bangon. Ya fi son wurare marasa kauri, da ɓangaren da ya fi nisa da bakin zubi, inda ruwan ƙarfe ya yi doguwar tafiya a kan ɗanyar ƙasa yana tsintar tururi a hanya.

Tambayar da ta kamata mai zubi ya yi wa kansa ita ce: me ya sa da ƙasa ɗaya, da ruwa ɗaya, zubin Litinin ya fito lafiya, na Alhamis ya fito da zanzana? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ruwa shi ne ɓarawon, amma akwai mai buɗe masa ƙofa, kuma sunansa alminiyam. Alminiyam ya fi ƙarfe kwaɗayin oksijin nesa ba kusa ba. In ya samu kansa a cikin ruwan kas, da ya ji ƙanshin tururi sai ya fizge oksijin ɗin da sauri, ya saki haidirojin tsirara a daidai fuskar ƙarfen. Bayan haka yana sassauta ƙarfin da fatar ruwan ƙarfe ke da shi na matse kumfa, sai kumfa ta samu sauƙin tasowa. Abin da ake bukata don wannan ɓarnar kaɗan ne ƙwarai. Daga wajen 0.02 cikin 100 matsala ke somawa. A tukunya mai kilo 100, giram 20 ke nan. Gwangwanin lemo biyu da aka shanye sun fi haka nauyi.

Yanzu ka tuna yadda ƙarfe ke isowa hannun mai zubi. 'Yan jari-bola sun tsinto, 'yan gwangwan sun auna sun tara, wani an ɗauko shi daga Ƙofar Ruwa, wani daga garejin kanikawan gari. Mafi kyawun kas a cikin tarin shi ne bulok ɗin inji da gangar birki, amma bulok yakan zo da fistin a maƙale a cikinsa, kuma fistin ɗin yawancin injuna alminiyam ne. Fistin ɗaya na mota ya ninka giram 20 ɗin nan sau goma ko fiye. Ga gutsuren murfin janareta, ga gidan kafireto, ga ƙananan kusoshi da wayoyi. Yaro ya fasa da guduma ya watsa a tukunya, wuta ta haɗiye, ba wanda ya gani. A wurin da ake zubin tukwane da kas a fili ɗaya kuwa, hanyoyin sun fi haka yawa: tukunyar narki ɗaya, ludayin kwasa ɗaya da sauran alminiyam a manne a gindinsa, sandar juyawa ɗaya, har ma ƙasar zubi ɗaya mai cike da ɗigon alminiyam da ya fantsama jiya. Ni a ganina wannan shi ne abu na farko da ya kamata a gyara, tun kafin a taɓa ƙasa, kuma ba ya cin kuɗi. A raba fili, a raba kayan aiki. A samu maganaɗisun tsohuwar sifika a riƙa bi da shi kan kowane guntu, duk abin da bai kama ba a jefar gefe. Maganaɗisu kaɗai bai isa ba, don zai ɗauki kas tare da alminiyam ɗin da ke manne da shi, sai an haɗa da ido da guduma.

Akwai wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Masu zubin da suka ɗan ci gaba sukan sa ferosilikon, wato haɗin ƙarfe da silikon, a ludayi don kas ya yi laushi ya feru, kada ya fito fari fat mai taurin da ke cinye bakin inji. Dabara ce mai kyau. Amma ferosilikon na kasuwa yakan ɗauki alminiyam wajen kashi 1 cikin 100 ko sama da haka, don haka wanda ke zubawa da hannu ba awo, yana cewa gara ya yi yawa, da kansa yake gayyato zanzana.

Sai ƙasa. Ƙasar zubi abu biyu ake nema a wurinta waɗanda ba sa jituwa: ta riƙe siffa, kuma ta bar iska ta ratsa ta. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura wajen sau 1,700, kuma tururin nan dole ya samu mafita. In ƙasa ta ba shi hanya ya bi ta baya ya fice. In ta toshe, sai ya turo ta gaba cikin ruwan ƙarfe, a samu manyan ramuka masu santsi kamar cikin ƙoƙo, ban da ƙananan. Ƙasar da aka haɗa da yashi wankakke da bentonait, wato garin yumɓun nan da masu haƙar burtsatse ke damawa, ruwa kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ya ishe ta. Ƙasar da aka haƙo da lakarta kuwa, ko aka cuɗa da ƙasar suri, sai ta sha ninkin haka kafin ta kama. Ƙarin ruwan nan duk tururi ne gobe.

Mu a Jigawa da gabashin Kano rairayi ba ya mana wuya, amma rairayin jigawa da iska ta tara ya cika laushi. Yana ba da fuska mai kyau, shi ya sa masu tukwane ke son sa, sai dai ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta ga zafin kas. Yashin kogi da aka wanke aka tankaɗe ya fi shi numfashi. Sannan ƙasa tana tsufa. Duk zubi ɗaya, yumɓun da ke dab da ƙarfe yana ƙonewa ya mutu, kamar yadda tukunyar ƙasa da aka gasa ba ta komawa laka. Mataccen yumɓu ba ya riƙo, amma yana shan ruwa yana toshe ƙofofi. Mai zubi ya damƙi ƙasa ya ji ba ta kama ba, ya ce a ƙara ruwa, gobe ma haka, har ƙasar ta zama mai ruwa da yawa kuma mara numfashi a lokaci guda. Maganin ba ruwa ba ne, a riƙa ɗebe wani kaso na tsohuwar ƙasa ana zubarwa, ana sa sabon yashi da sabon yumɓu.

Hannu ma na da nasa. Daɓe ƙasa da ƙarfi fiye da kima yana rufe ta. Ƙin soka mata ƙofofin numfashi da tsinken waya, irin na wilin keke, ganganci ne. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne gyaran gefen da ya ɓalle da jiƙaƙƙen tsumma: wurin da aka shafa ya fi ko'ina ruwa, kuma in aka duba galibi a nan ramuka ke taruwa. Yanayi kuma yana juya abin. A watan Agusta ƙasa ba ta bushewa, mazubin da aka rufe aka bari ya kwana yana tara raɓa a ciki, musamman in an sa wani guntun ƙarfe ko ƙusa a cikinsa don tallafi. Da hunturu kuma ƙasa na bushewa a hannu, yara su yi ta yayyafa ruwa, wani wuri ya jiƙe sharkaf wani wuri ƙura. Gara a haɗa ƙasa tun yamma, a cuɗa sosai, a lulluɓe da buhu ta kwana ruwan ya ratsa ta daidai. Ƙasar da ba ta huce daga zubin safe ba kuwa, kada a mayar da ita aiki, don tururinta yana komawa ya kwanta a jikin duk abin da ya fi ta sanyi.

Manyan ma'aikatun zubi suna cuɗa garin kwal a ƙasa, kashi kaɗan cikin 100. Da zafi ya taɓa shi sai ya saki hayaƙi mai ƙwace oksijin, ya shimfiɗa siririn kabon tsakanin ƙarfe da yashi, ya rage damar da tururi ke samu. Kwal na dutse ake nufi, irin na Inugu ko na Maiganga a jihar Gombe. Garin gawayi ba ya maye gurbinsa sosai, don hayaƙin da ake nema an riga an ƙone shi tun a ramin gawayi. Shi ma kwal ɗin in ya yi yawa, iska yake ƙarawa.

Ruwa ba ta ƙasa kaɗai yake shigowa ba. Curin yashin da ake sawa a tsakiya don a bar ramin shaf, in an ɗaure shi da sitaci ko ƙaro ko mai, dole a gasa shi ya bushe har zuciya, kuma a huda masa hanyar da iskarsa za ta fita waje, tunda ƙarfe zai kewaye shi ta ko'ina. Tsatsa tana riƙe ruwa. Giris da baƙin mai da ke jikin tsohon inji haidirojin ne da kabon. Murhun da ake hura shi da baƙin mai ko dizal, harshen wutarsa kansa yana ɗauke da tururi, saboda haka barin tukunya a buɗe da ƙarfe narke ana jiran a gama shirya akwatuna, shayar da shi iska ne. Gutsuren kwanon rufi kuwa a nisance shi ɗungurungum: tutiyar da ke jikinsa tana tafasa a digiri 907, kuma farin hayaƙinta yana sa zazzaɓi. Sai ludayi. Sabon yaɓen yumɓu yakan bushe a sama alhali cikinsa ɗanye ne, shan rana ba ya isar sa, sai an gasa shi ya yi ja. Wannan ya wuce maganar ramuka, maganar rai ce, don ruwan ƙarfe a kan damshi fashewa yake yi ya watsu a jikin mutane.

Ludayin nan yana ba da wata shaida mai amfani. In akwatunan da aka fara zubawa ne suka fito da ramuka, na baya suka fito lafiya, to a tuhumi ɗanyen ludayi. In kuwa na farko ne lafiya, na ƙarshe suka lalace, to wani ciwo ne daban, kuma ba ruwansa da ruwa.

Wannan ciwon a cikin ƙarfen kansa ake haifar iskarsa. Kashin maƙera, wato dattin narki da ke yawo a saman ruwan kas, yana ɗauke da ƙarfen da ya ci oksijin. Kas kuma cike yake da kabon. In kashin ya bi ƙarfe ya shiga mazubi, oksijin ɗinsa ya haɗu da kabon, sai su haifi iskar kabon monoksaid, ita ce dai wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Abin da ke ƙara rura wannan shi ne farar wuta da manganis, wani sinadarin ƙarfe da ke cikin kas. Farar wuta tana shigowa daga kwal ɗin narki da baƙin mai, kuma tana taruwa duk lokacin da aka sake narka tsohon kas. Manganis ana bukatarsa don ya ɗaure ta, kuma ƙa'idar da masu zubi suka daɗe da ita ita ce manganis ya kai farar wuta sau 1.7, a ƙara 0.3. Wato in farar wuta 0.1 ce cikin 100, manganis wajen 0.47 ya wadatar. Amma in dukansu biyu sun yi yawa, ƙarfen kuma ya fara hucewa a ludayi, sai haɗinsu ya rabu da ƙarfe ya shiga cikin kashin ya tsinka shi. Kashi mai kauri ana iya yaye shi da sanda. Tsinkakke kuwa ba ya yayuwa, bin ƙarfe yake yi kamar mai a kan miya. Da yake ya fi ƙarfe rashin nauyi, sai ya taso sama, shi ya sa ramukan wannan ciwon a fuskar da ta kalli sama a cikin mazubi suke taruwa. Cikinsu ba ya sheƙi, dushi-dushi ne, sau da yawa da ɗan ɓurɓushin kashi a maƙale. Dutsen da mai injin nan ya nuna mini, ramukansa a fuska ɗaya suke kuma ba sa sheƙi, don haka zuciyata ta fi karkata ga cewa daga gindin ludayi aka zuba shi, ƙarfe ya riga ya huce. Maganinsa a zuba da zafi, a kankare tsohon kashi daga jikin ludayi kullum, kuma ragowar da ya yi sanyi a juye shi a ramin ajiya maimakon a matsa sai an cika akwati ɗaya da shi. Na san mai yana da tsada, kuma tsadarsa ce ke sa a sauke tukunya da wuri. Amma man da aka tsimi a nan bai kai kuɗin dutse ɗaya da aka dawo da shi ba.

Naitirojin shi ne na uku, kuma bai cika damun ƙananan masu zubi ba sai sun fara sauya hanya. Yana bayyana ne in kas ya yi wuya aka koma cika tukunya da rodi da sauran ƙarfen walda, sannan aka ƙara kabon da gawayin man fetur mai arha don a cike giɓi. Haka kuma wasu sinadaran ɗaure yashi na zamani akwai yuriya a cikinsu, ita dai yuriyar da manomi ya sani, mai naitirojin kashi 46 cikin 100. Da naitirojin ya doshi 0.01 cikin 100 sai matsala ta fara, kuma a wurare masu kauri ba ya cika yin zagayayyen rami, tsaguwa yake yi gajeru kamar sawun farce. Ana ɗaure naitirojin ɗin da ɗan titaniyam, wani nau'in ƙarfe. Sai dai titaniyam ɗin nan, in akwai alminiyam a cikin ƙarfen, ƙara tsananta ramukan haidirojin yake yi. Wanda bai tantance ciwonsa ba ya sha maganin maƙwabci, ya ƙara wa kansa. Sau da yawa ma iskokin biyu taron dangi suke yi, kowace ita kaɗai ba ta isa ta yi rami ba, amma in sun haɗu a kumfa ɗaya sai ta tashi.

Sanin ainihin yawan alminiyam ko farar wuta sai ɗakin gwaji, irin aikin da aka kafa cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke Jos dominsa, kuma masu zubi na gari ɗaya za su iya haɗa kuɗi su aika da guntaye lokaci-lokaci. Amma mafi yawan binciken ana iya yin sa a bakin murhu da guduma, madubi da littafin rubutu na ɗan firamare. A sa wa kowane akwati lamba bisa jerin da aka zuba shi. A rubuta ranar, da irin ƙarfen da aka narka da wurin da aka sayo shi, da ko an yi ruwan sama, da ko ludayi sabon yaɓe ne. Duk zubi a ɗauki guda ɗaya a ci fatarsa da giranda kafin kaya su bar gida. In an ga rami, a duba wace fuska yake, kusa da bakin zubi ko nesa, yana sheƙi ko ba ya yi. Sannan a sauya abu ɗaya tak a zubi na gaba. Wanda ya sauya ƙasa da ƙarfe da zafi rana ɗaya, ko kaya sun yi kyau bai san wanne ya gyara ba, kuma ranar da ciwon ya dawo zai koma farko.

Kayan da suka riga suka yi zanzana ba su da gyara. Cike ramukan da walda ko da abin cikon jikin mota a shafe da fenti, ha'inci ne, kuma a dutsen niƙa abin da aka cika ɗin cikin gari zai ƙare. Tukunya za su koma. A nan ma akwai tarko: in alminiyam ne ya jawo ramukan, wani kasonsa yana nan a cikin ƙarfen, kuma wanda ya kwashe kayan da aka dawo masa da su ya narka su gaba ɗaya zai sake girbar abin da ya shuka. A riƙa sa su kaɗan-kaɗan, a kan tsabtataccen kas da aka tsince da hannu, har tarin ya ƙare.